Kafin In Shiga Inda Babu Waya

Yaya Ɗelu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da yara. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya ƙalau, kada ki damu. Tallafin karatun ne ya ɗan tsaya, shi ya sa na karɓi aikin hutu. Wasu 'yan Malaysiya su kaɗan za su yi yawo a kan dawaki a dajin Mongoliya, ni zan riƙa dafa musu abincin halal. Ni da ban taɓa hawa ko jaki ba, yanzu kullum ina koyon hawa a bayan gari. Cinyoyina sun saɓule, amma na daina faɗowa. Jiya na sayi rigar sanyi ta gwanjo a kasuwar Chow Kit ta nan Malaysiya, ina gwadawa gumi yana zuba, mai shagon yana dariya.

An ce can fili ne fetal, ba gari, ba waya, kuma za mu yi kusan mako biyu.

Yaya, ga roƙona. Lokacin da Umma ta rasu, kun yi ta ce mini tana barci har na gama jarrabawa. Na san tausayina kuka ji. Amma har yau ina tuna cewa ranar da aka kai ta ina shagon shayi ina dariya.

In wani abu ya sami Baba, kada ku jira ni. Ki rubuto mini gaskiya, zan gani da na fito. Kada ki ce mini da sauƙi.

Ki ce ya sa mini albarka yau.

Ƙaninki,
Halliru