Takardar Jazlyn

Litinin, 4 ga Maris
Sun kawo ta da la'asar. Jazlyn, shekara goma. Kayanta a baƙar leda, magungunanta a wata ledar daban, kwalba huɗu. Gidana ne na shida da hukuma ta ba riƙonta. Matar da ta kawo ta sai nanata min doka take kamar yau na fara riƙon yara: ba ni da ikon ƙara ƙwaya ko rage ta, likita ke rubutawa, alƙali ke sa hannu. Nawa in kulle su a akwati, in cike takarda kullum, me ta sha, yaya ta wuni. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina tuƙa motar 'yan makaranta a garin Stockton, takarda ce za ta gagare ni?

Asabar, 9 ga Maris
Na gode wa Ubangiji. Yarinya ba ruwanta, inda ka ajiye ta nan za ka dawo ka same ta. Bayan yarinyar da na riƙe bara, wadda ta ɓalle min ƙofar kicin, wannan kam hutu ne. Na rubuta: "Lafiya lau. Shiru. Ta yi barci sosai."

Lahadi, 17 ga Maris
Ta yi gyangyaɗi a coci, a tsaye, ana tsakiyar waƙa. 'Yar'uwa Bernice ta ce ina na samo wannan mala'ikar. Har da ni a dariya. Ci kuwa kamar gara, wandon da na sayo mata har ya matse. Hannunta na rawa in ta ɗauki cokali. Sanyi ne mana.

Talata, 26 ga Maris
Lafiya lau, shiru. Abin da na rubuta ke nan yau ma.

Laraba, 3 ga Afrilu
Nas ɗin hukuma ta zo, Mis Vang. 'Yar firit da ita, amma tambaya sai ka ce lauya. Izinin magungunan da kotu ta bayar na wata shida ne, ya kusa ƙarewa, likita kuma ya nemi a sabunta duka huɗun. Ta baje takarduna a kan tebur, ta ce awa nawa yarinyar ke barci a rana. Na ƙirga da yatsu. Goma sha huɗu. Ni kaina sai da na sake ƙirgawa.

Ta ce likitan minti goma sha biyar yake ganinta a wata, sauran duk abin da ya sani daga alƙalamina yake fitowa.

"Mis Lorraine, sau talatin kika rubuta lafiya lau. Shi kuma ya rubuta wa kotu cewa magani yana aiki."

Raina ya ɓaci. Na ce mata yara tara na riƙe tun ba ta gama makaranta ba. Ba ta ja da ni ba. Ta ajiye takardu biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta Jazlyn, wai ita ma yarinyar tana da damar gaya wa kotu yadda take ji. Ban raka ta ƙofa ba.

Alhamis, 4 ga Afrilu
Bayan makaranta muka zauna a kicin, na karanta mata tambayar: yaya kike ji in kin sha maganin? Ta daɗe tana kallon tebur.

"Kamar ina ƙarƙashin ruwa, Mis Lorraine. Ina jin ana magana can sama."

Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce ta taɓa faɗa a gida na uku, da kuka da ihu, sai aka ƙara mata shuɗiyar ƙwayar. Ta ce in ka yi shiru ba a mayar da kai hannun hukuma.

Na tashi na buɗe firji na tsaya a gabansa don kada ta ga fuskata. Wannan ne shirun da na yi wata guda ina gode wa Allah a kansa. Kunya ta ishe ni.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Kotu. Alƙaliyar ta ɗaga tsofaffin takarduna a hannu ɗaya, sabuwar a ɗayan, ta ce wanne za ta gaskata.

"Duka rubutuna ne, ranki ya daɗe. Na farkon yadda ni na wuni na rubuta, ba yadda ita ta wuni ba."

Ba ta sa hannu a huɗun yadda suke ba. Ta ce wani likita daban ya duba yarinyar, a riƙa rage shuɗiyar sannu a hankali, mu dawo bayan mako shida. A waje Mis Vang ta ja min kunne: kada in kuskura in tsayar da komai da kaina, kuma in shirya, yarinyar da za ta farka ba ita ce wadda na saba da ita ba. In abin ya yi tsanani za a iya dawo da ƙwayar, ko a ɗauke ta daga wurina.

Na ba Mis Vang haƙuri a kan ranar da ta zo gidana. Ta ce wace rana? Allah ya yi wa 'yar nan albarka.

Litinin, 6 ga Mayu
Jazlyn ta ce fankena kamar tafin takalmi. Ta kuma cinye uku. Ashe akwai baki!

Talata, 21 ga Mayu
Mahaifiyarta ba ta zo ziyara ba. Awa guda muna jira a ofishin hukuma, yarinya da katin da ta zana mata. Da muka dawo na ce ta wanke hannu ta ci abinci, sai ta ɗauki farantin da na gada wurin uwata ta maka da bango. Ta kira ni da sunan da ba zan rubuta a nan ba.

Minti goma, ta sauko. Da kanta ta ɗauko tsintsiya. Sai ga ta ta dafe takardar yau da hannu biyu.

"Kar ki rubuta. Don Allah, Mis Lorraine. Za su dawo da shuɗiyar."

Allah ya sani na so in bi ta. Kalma biyu ce, hannuna ya saba da su. Amma ƙaryata ce ta nutsar da ita da farko, ba zan sake ba ko da don ita ne. Na ce zauna, tare za mu rubuta. Muka sa ziyarar, da katin, da farantin, da minti goman, da sharar. Ta ce in ƙara cewa farantin dama mummuna ne. Na ƙara.

Tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Alhamis, 30 ga Mayu
Alƙaliyar ta karanta duka, har wurin mummunan farantin, na ga ta danne dariya. Sabon likitan ya rubuta cewa wannan fushi ne mai dalili, a ƙara mata ranakun ganin mai ba ta shawara. Ba a dawo da shuɗiyar ba. Sauran ukun za a duba su ɗaya bayan ɗaya.

Mis Vang ta tambaya ko gadon Jazlyn zai samu kafin a koma makaranta bayan dogon hutu, tana da yara a layi. Na ce ba ni da gado.

A mota Jazlyn ta canza min tashar rediyo ba ko neman izini, tana bin waƙar da murya kamar ana yanka akuya. Kaina har ciwo yake. Na bi ta doguwar hanya, ta bakin gonakin inabi. Cunkoso nake gudu, ba wani abu ba.