Kayan Sule Sun Dawo

Unguwar Madaki, Gombe
Talata, 4 ga Maris, 1975

Zuwa ga Kawu Iro, Agege.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwar goro, ni ne Inuwa ɗan yayarka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a ajin Yaƙi da Jahilci na koye shi.

Jiya da safe ina buɗe shago, ko ƙafa ban ɗora a kan keken ɗinki ba, sai na hango masinjan gidan waya ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu. Ya sauke wani ƙunshi na takarda ruwan ƙasa, an ɗaure da igiya, an buga masa hatimin soja. Baffa Bamanga, ƙanin mahaifinmu, shi ya karɓa a zaure. Da aka kwance sai ga kayan ƙanena Sule: shuɗiyar riga da wandon da na ɗinka masa, da hula, da takalmi. Su ne a jikinsa ranar da muka raka shi tashar jirgi, mako uku ke nan, zai tafi Ikko koyon aikin sojan ruwa. Babu wasiƙa a ciki, ko layi ɗaya.

Kawu, ka san yadda kayan Yaya Buba suka dawo mana lokacin yaƙi. Irin takardar nan ce, irin hatimin nan. Mahaifiyarmu Dada ta ɗauki hular ta duba, ba ta yi kuka ba, ta ce, "Shi kuma ruwa ne ya cinye mini." Ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Kafin azahar Baffa ya sa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna ta zuwa gaisuwa. Tun jiyan ko ruwan kunu bai shiga cikin Dada ba, kuma ka san jikin nata ba na wasa da yunwa ba ne.

Ni kuwa ban yarda ba, ga dalilina. Kafin Sule ya tafi, Dada ta aika aka karɓo masa layar ruwa daga Dadin Kowa, ta ce in ɓoye ta. Na ɗinke ta a cikin naɗin ƙafar wandon, ta hagu. Mu uku kaɗai muka sani. Da na juya wandon jiya sai na ga an farke wurin a hankali, an cire layar, an sake ɗinkewa. Ɗinkin kuwa mummuna ne, kamar kaza ta yi tafiya a kai, kuma daga hagu ya taso zuwa dama. Shekara biyu na yi ina koya wa Sule allura na kasa, don bahago ne. Ko a cikin ɗinki dubu zan gane nasa.

Na nuna wa Baffa. Ya ce masu wanka ne suka cire, kuma ba mai allura ne zai koya masa yadda labarin mutuwa yake zuwa ba. Ni dai ban zauna a tabarmar ba. Yau ma na buɗe shago. Masu wucewa suna cewa Inuwa ba shi da zuciya, ƙaninsa ya mutu yana taka keke. Ina jin su, ina ɗinkina.

Don Allah, Kawu, ka je barikin su Sule da ƙafarka. Kuma kada ka aiko da kalaman sanyaya zuciya. Kai ne ka rubuto wancan karon cewa Yaya Buba yana nan lafiya, alhali an riga an rufe shi. Ba laifinka ba ne, haka aka gaya maka, amma Dada ba ta manta ba. Abin da idonka ya gani shi kaɗai za ka rubuto. Direban motar shanun da ya kawo maka wannan, shi zai dawo da amsa.

Ka huta lafiya. Naka,
Inuwa

*

Agege, Ikko
Asabar, 8 ga Maris, 1975

Inuwa Tela,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina gaida Yaya da kowa da kowa. To, ka sa na rufe rumfa wuni guda, na shiga bas biyu da kwalekwale ɗaya da babbar rigata, mutanen Ikko suna take mini ita.

Mai gadin ƙofar bariki na ba shi goro, ya karɓi goron, ya hana ni shiga. Ina nan tsaye sai Allah ya kawo wani saje mutumin Zuru, yana jin Hausa. Ya ce haka ake yi wa kowane kurtu: ranar da aka ba shi kaki sai a naɗe kayan gida a aika wa iyayensa, kuma ba a barinsa ya rubuta wasiƙa sai ya cika mako takwas. Da na ce masa a Gombe ana can ana zaman makoki, ya yi dariya har ya dafa bango. Da na ba shi labarin Buba kuma sai dariyar ta ɗauke. Ya ce ba zai iya kiran kowa ba, amma in bi ta bayan waya in tsaya daidai filin fareti.

Na tsaya. Inuwa, yara sun fi ɗari biyu, duk an yi musu ƙwal-kwabo, duk da gajeren wando, kamar an jera ƙwan zabi. Na duba har idona ya yi ruwa, ban gane kowa ba. Na ce yau me zan rubuta wa Tela.

Can sai wani hafsa ya zo wucewa. Aka daka tsawa, yara ɗari biyu suka sara masa da hannun dama, mutum ɗaya tak ya ɗaga na hagu. Kofur ya yi kansa, ya fitar da shi daga layi, ya sa shi tsallen kwaɗo ya zagaye filin. Tsallen nan ya kawo shi gab da wayar da nake. Ga tabon nan na ƙahon saniya a bayan kunnensa. Na rage murya na ce, "Sule, uwarka na gaishe ka." Bai juyo ba, yana tsalle yana haki ya ce, "Kawu, ka ce mata abincinsu ba yaji."

Abin da idona ya gani ke nan. Ka gaya wa Bamanga ya naɗe tabarminsa. In ya riga ya sayi ragon sadaka, a ajiye mini ƙafa ɗaya.

Kawunka,
Iro

*

Unguwar Madaki, Gombe
Alhamis, 13 ga Maris, 1975

Zuwa ga Kawu Iro.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da godiya marar iyaka. Allah ya saka, ya kuma ba ka wata rigar. Wasiƙarka ta iso jiya da hantsi, amma bari in fara da abin da ya faru kafin ta zo.

An yi sadakar uku, ban iya hanawa ba. Ta bakwai ce na roƙi liman ya sa baki a dakata har direba ya dawo. A tsakanin nan na tare masinjan gidan waya na tambaye shi ko ƙunshi nawa ya raba ranar. Ya ce biyar, duk iri ɗaya. Na sa ya gaya mini gidajen, na bi su ɗaya bayan ɗaya.

A Jekadafari na sami Madam Chioma, matar Ezenwa mai kayan keke, ta riga ta sa baƙaƙen kaya saboda ɗanta Kanayo. Ita ma yaƙin nan ya ci mata 'ya'ya biyu. Matiyu kuwa, Batangalen nan mai aiki a tashar jirgi, ya ɓoye nasa ƙunshin a ofis kwana shida, ya kasa kai wa matarsa Rahila, yana komawa gida yana cin tuwo da ita kamar ba komai. Na ce musu yara biyar daga gari ɗaya ba za su mutu rana ɗaya rediyo ya yi shiru ba.

Madam Chioma ta ɗauko nata ƙunshin ta biyo ni har ɗakin Dada. Ta ajiye shi kusa da na Sule, ta zauna a ƙasa, da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Mama, ni da ke jirgi ɗaya. In ba ki sha ba, ni ma ba na sha." Saboda kunyar baƙuwa Dada ta kurɓi fura sau biyu. Haka matar nan ta riƙa zuwa kullum da safe, kurɓa biyu biyu, da shi muka riƙe Dada har jiya.

Na karanta wasiƙarka a tsakar gida, Baffa yana bakin zaure, Dada tana kwance fuskarta na bango. Da na karanta bayanin saje ba ta motsa ba, ta ce Iro ya saba. Da na zo wurin hannun hagu sai ta juyo. Ta ce, "Sake karanta wurin nan." Na sake. Ta tashi zaune ta ce, "Iro ba shi da wayon ƙirƙiro wannan. Tun Sule yana goye nake fama da hannun nan." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, shi ne kukanta na farko tun da kayan suka zo. Daga nan ta ce a dama kunu, a kuma ɗauko turmi da barkono.

Baffa da kansa ya naɗe tabarmi. Yana naɗewa yana gaya wa mutane shi dama jikinsa bai ba shi ba. Rago an yanka, gumbar da aka daka don sadaka aka cinye ta da guɗa. Ƙafar ragon da ka ce a ajiye maka Matiyu ya cinye, ya ce kwana shida yana haɗiyar tuwo bai ji ɗanɗano ba.

Yanzu mun tsayar da magana: duk Asabar da la'asar gidajen nan biyar za su haɗu a rumfar shagona, maza a benci, mata a cikin zaure. Duk wanda ya sami labari na kowa ne, ni zan karanta. Ga sunayen sauran huɗun a bayan takarda, ka tambayar mana sajen nan. Ga kuma yaji gwangwani biyar, kowanne da suna.

Naka,
Inuwa

*

Ikko
Lahadi, 4 ga Mayu, 1975

Yaya Inuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaida Dada gaisuwa ta musamman, da Baffa, da duk wanda ya zo ta'aziyyata. Kawu ya ba ni labari. Wai har sadakar uku kuka yi mini? To su wa suka zo, su wa ba su zo ba? Ka rubuto mini sunayensu, ina so in san masoyana. Kuma ina rabona na gumba?

Wasa nake, Yaya. Ranar da na ji Dada ta daina cin abinci ni ma na kasa ci, Kanayo ne ya yi ta fama da ni. Ka ce mata ta yafe mini. Da na san haka kayan za su yi, da ko da gawayi ne na yi rubutu a jikin takardar. Layar tana wuyana. Na sake ɗinke wandon ne don kada ka ce na lalata maka aiki.

Yanzu da dama nake sarawa, tsallen kwaɗo ya koya mini. Na iya iyo kuma. Teku ba ta da ɗaya gaɓar, Yaya, duk iya ganinka ruwa ne. Ga hotonmu ni da yaran Gombe cikin fararen kaya.

Babbar maganar ita ce: sababbin kurata sun iso, uku 'yan garinmu ne, kuma ran Juma'a za a aika da kayansu. Na rubuta gidajensu a ƙasa. Ɗaya ɗan A'i mai ƙosai ne ta Kagarawal, shi kaɗai gare ta. Ku riga ƙunshin isa.

Ƙaninka wanda bai mutu ba,
Sule

*

Unguwar Madaki, Gombe
Alhamis, 15 ga Mayu, 1975

Sule,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Dada ta ce ta yafe, amma ka rame a hoto.

Wasiƙarka da kayan sababbin kuratan jirgi ɗaya suka hau, don haka tsere muka yi da masinja. Da na karanta wa Dada sunayen, ba ta jira kowa ba, ta yafa mayafi, ta ɗauki hotonka da shuɗin wandonka ta fita. Rabonta da wuce masallacin unguwa tun rasuwar Yaya Buba. Gida biyu mun riga masinjan. A na biyun ma, da ƙunshin ya iso, uwar yaron ta kwance ta ce ai gara, dama wandon na ubansa ne.

A Kagarawal ya riga mu. Tun daga bakin layi muka ji kururuwa. A'i tana birgima a ƙasa, man ƙosai yana ƙonewa a kasko, maƙwabta sun fara ɗauko tabarmi. Dada ta ratsa mutane, ta durƙusa, ta ɗora mata wandonka a cinya da hoton a kai. Ta ce, "Tashi, A'i. Nawa ma haka suka dawo, ga shi nan a tsaye. Ɗanki bai mutu ba, aski kawai aka yi masa. Sauke kaskon nan, ran Asabar ki zo mana da ƙosai."

A'i ta duba hoton, ta duba Dada, ta share fuska da bakin zane, ta tashi ta sauke kasko.

In kana ganin na ƙara gishiri, ka tambaya in ka zo hutu. Madam Chioma tana wurin, da Matiyu da Rahila, da masinjan gidan waya riƙe da kekensa, da limamin Kagarawal. Baffa Bamanga ma yana wurin, shi ne a ƙofar gida yana hana mutane shimfiɗa tabarma.

Yayanka,
Inuwa