Maganin 'Yar Gidan Nan

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya zaman nesa da gida? Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin alheri.

Ka tambaye ni abin da Inna ta ce ta ji a rediyo. To ga gaskiyar magana. Ka san a ɗakin bincikenmu muna kiwon ƙwayoyin halittar jikin mutum a 'yan farantai, mu zuba musu cuta mu ga yadda za su kwashe. Ƙwayar tarin fuka 'yar cin banza ce. In ta shiga ƙwayar jiki sai ta sa ta tara kitse, ita kuma ta miƙe ƙafa tana ci, kamar baƙon da ya gano inda ake ajiye mai. Mu kuma muna gwada hana ta kitsen da maganin nan na rage kitsen jini, ko yunwa za ta karya ta. A faranti abin ya yi kyau. A faranti fa, Yaya, ko kan ɓera ba mu kai ba.

Shi ne Oga, farfesan da nake ƙarƙashinsa, ya sha kwat ya tafi gidan rediyo ya ce mun gano yadda ake kashe tarin fuka da yunwa. Har sunana ya kira, mutumin da a ofis "ke yarinya" yake ce min. Da na ce masa wannan riga malam masallaci ne, sai ya ce wanda bai tallata hajarsa ba shi zai kwana da ita.

A gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yau ba ni da labari mai daɗi.

Na je gida. Baba, da ya kai rabin maganin tarin fukarsa har ya fara murmurewa, na tarar da shi wuya kamar mariƙin lema. Ashe tun ranar shirin nan ya ajiye maganin asibiti. Inna ta janye masa mai da nama da ƙwai, gaya kawai take ba shi, wai tana horar da cutar. Mai kemis na bakin layi kuwa, Allah wadaran naka ya lalace, ya jera maganin kitsen jini a kan kanta yana ce wa jama'a maganin 'yar gidan nan ne. Shi Baba yake sha yanzu. Na ɗaga matashin Baba na ga tsumman da yake tofa majina, da jini a jiki.

Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, cewa aikina bai zama magani ba, kuma jikinsa ya fi cutar buƙatar abinci. Murmushi kawai ya yi, ya dubi abokansa da suka zo gaishe shi ya ce, "Kun gani ko? Yabon kai jahilci. Ko me za a yi mata ba za ta amsa nata ne ba." Duk musun da na yi, a wurinsa tarbiyya ce. Da ka kira shi kuma, cewa ya yi kishin ƙanwarka kake.

Nas ɗin asibiti ta ce in ya ci gaba haka cutar za ta daina jin magani. Na roƙi Oga ya koma rediyo ya gyara. Yana sakace ya amsa min, wai shi bai ce kowa ya bar magani ba. Na dubi bakinsa na ji ƙyamar farar rigar aikin da ke jikina.

Ka sa mu a addu'a.

Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan kowa lafiya.

Baba ya koma shan maganinsa, yana kuma cin abinci da mai. Bari in faɗa maka yadda aka yi, kafin ka ji a bakin duniya.

Da na ga gaskiya ta ƙi shiga, sai na jira abokansa suka cika falo, na durƙusa na ce aikin duk bogi ne, ni na ƙirƙiri sakamakon don a san da ni, an gano, an kore ni. Ba a kore ni ba, Yaya, kuma ban taɓa murɗe sakamako ba. Kullum sai in saci jiki in tafi aiki, in gaida Oga. Amma wannan ƙaryar Baba ya karɓe ta nan take, don a ganinsa ba wanda zai tona wa kansa asiri a gaban mutane in ba haka abin yake ba. Abokansa suka zame ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya sa aka zubar da maganin mai kemis a kwata.

Don Allah kada ka wanke ni a wurinsa sai ya gama maganin. In ya ji gaskiya, komawa zai yi.

Tarin ya ragu, ya fara cika rigarsa. Ɗazu na kai masa ruwa da ƙwayoyin, bai ko ɗago ba. Ya ce wa Inna, "Karɓi ki ba ni. Daga hannunta ban san me zan sha ba." Na miƙa mata, na tsaya bakin ƙofa har na ga ya haɗiye.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta