Ni Na Ƙirƙiri Wasan, Amma Littafin Ƙanwata Ake Bi

Hajiya Nana Hadiza, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar, don abin nan yana cin raina, kuma kunya ba za ta bar ni in faɗa wa kowa a garinmu ba.

Ni malamin firamare ne a Batsari. Shekara uku ke nan da na ƙirƙiri wani wasan labari da muke yi da abokaina bayan la'asar a zauren gidanmu. Kowa zai zaɓi mutumin da zai zama, wani falke, wani maharbi, wani mai magani, ni kuma ina jan labarin. Idan ɗan wasa ya ce zai haye kogi ko zai kama ɓarawo, sai ya sa hannu cikin hula ya zaro marfin kwalba mai lamba, lambar ce za ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Mun guji ɗan ludo don kada dattawa su ce caca muke yi.

Dokokin wasan a littafin makaranta na rubuta su, yau kaɗan gobe kaɗan, duk ranar da gardama ta tashi sai in ƙara wata, har suka cika shafi arba'in. Na yarda wasu suna karo da juna. A shafi na huɗu na ce wanda ya faɗa kogi ya mutu ke nan, a na talatin kuma na ce yana da damar sake zaro marfi sau ɗaya. Amma ai ina nan zaune, idan an rikice ni ake tambaya, in yanke hukunci a wuce wurin.

Bara na ba ƙanwata Zuwairatu littafin ta buga mini a kwamfuta, don tana aiki a wani shagon buga takardu a Safana, inda take aure. Bugawa kawai na ce ta yi. Sai ta dame ni da waya har wata guda, wai tsakanin wannan doka da waccan wacce nake nufi, ni kuma ina amsa mata sama-sama. Ranar da ta aiko shi ya koma shafi goma sha shida, kowace doka a wurinta da lambarta, babu mai cin karo da 'yar'uwarta.

Tun daga ranar na zama ɗan kallo a zaurena. Gardama na tashi sai a ce a duba na Zuwairatu. Samarin ƙauyukan Yasore da Tsaskiya sun samu kwafi suna ta wasansu, wasu ko sunana ba su sani ba. Abokina Lado, wanda na taɓa kashe masa falkensa a kogi da dokar shafi na huɗu, ya karanta nata ya gano ashe yana da damar sake zarowa. Dariya kawai ya yi, amma bai ƙara yarda da hukuncin bakina ba. In gaskiya zan faɗa, a ranar da na kashe falken ina sane da ɗaya dokar. Falken nasa ne ya ishe ni, kowa shi yake yabo.

Hajiya, kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba. Yarinyar da ni na koya wa riƙe fensir, wadda ko aljani ɗaya ba ta ƙirƙira a wasan ba, yau ita ake ambato. Yanzu ƙungiyar matasan unguwarmu za ta buga littafin a Katsina, ni zan kai ranar Asabar. Ita ta ɗauka sunanta zai fito, har ta gaya wa mijinta. Ni kuwa na riga na goge shi daga bangon, wani sa'in ma zuciyata na ce mini in kai tsohon nawa a buga shi yadda yake. Me zan yi?

Mai Jan Labari, Batsari

Wa'alaikumussalam, Malam. Na ji daɗin yadda ka kira abin da sunansa, ka rage mini aiki. Kana da gaskiya a wuri ɗaya: wasan naka ne. Kai ka zauna ka ƙirƙiro shi daga babu, kuma akwai ciwo mutum ya ji ana wasa da abinsa ba a san shi ba. Sunanka ya cancanci ya zo a sama da manyan baƙaƙe.

Amma ka sake karanta abin da ka rubuta game da Lado. Rikicin littafin nan ya yi maka amfani, don duk inda doka biyu suka yi karo, kai ne alƙali, ka zaɓi wadda ranka ke so. Abin da Zuwairatu ta karɓe daga hannunka ke nan, kuma gara da ta karɓe. Ba don gyaranta ba, da wasanka bai wuce ƙofar zaurenku ba, don ba za ka iya bin kowane kwafi zuwa Tsaskiya kana raba gardama ba. Ita ma da ta sanar da kai tun farko cewa gyara take yi, ba bugawa kaɗai ba, sai dai wata guda tana tambayarka, kai ne ba ka saurara ba.

Ga shawarata. Ka kai nata a buga. A rubuta kai ka ƙirƙira, ita ta tace. Kafin ka hau motar Katsina ka zauna ka karanta shafukan nan goma sha shida da natsuwa, inda ba ka yarda ba ka kira ta ku daidaita. Ka kuma nemi afuwar Lado, ka mayar masa da falkensa.

Idan littafin ya fito babu sunanta, ba za ta ce maka komai ba, don kai yayanta ne. Za ta gaishe ka da ladabi kamar kullum, kuma ba za ta ƙara taɓa maka takarda da zuciya ɗaya ba. Kuskuren doka ana gyara shi a bugu na biyu, wannan kuwa babu maɗaba'ar da za ta gyara maka. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya bar zumunci, Ya sa littafin ya karɓu.

Nana Hadiza