Goron da Na Aika Kwatano

Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Albishirinka! Na san ba za ka ce goro ba, na kuma san babu mai kai maka wannan takarda. Ko da kana raye ma da sai ka juya ta ka sake juyawa kana tambayar wa ya rubuta mini, don ka tafi ka bar ni ban san ko harafi ɗaya ba. Hannuna ne. Ajin manya na shiga bayan rasuwarka. Mu mata ba mu zuwa makabarta, balle in hau mota zuwa garinku Jugu in tsaya a kan kabarinka in faɗa maka, labarin kuwa ya fi ƙarfin cikina. Ka yi haƙuri da layin da ya karkace.

Bari in fara daga farko.

'Yarmu ta fari, wadda ka bari tana karatun likita, yanzu cikakkiyar likita ce, tana kuma koyarwa a jami'a a nan Paraku. Sai dai koyarwar ta wucin gadi ce. Bana aka ce ta kai dosiyenta, tarin takardun aikinta, gaban juri, wato manyan malamai da ke zama su auna aikin mutum. In ta haye, kujerar ta zama tata. In ba ta haye ba, akwai wani gidan bincike a Turai da ya daɗe yana kiranta, kuma ba ta ɓoye mini ba, za ta tafi da mijinta da yaran. Ka ji abin da ya hana ni sakat. Kai ka tafi, su ma su tafi, da wa zan sha koko da safe? In ciwon ƙafar nan ya kwantar da ni, wa zai leƙo?

Na ɗauka marasa lafiyar da ta warkar za su ƙirga. Na ce mata to ai magana ta ƙare, a je karkarar Seru a tambaya. Damina nawa ta yi tana bin ƙauyukan can a bayan babur, tana dawowa da jar ƙasa har cikin kunne, don manoman doya da kububuwa ke sara? Ta zauna da su ta bincika abin da ke sa su makara kafin su zo asibiti, ta rubuta. Ta yi dariya ta ce wannan Allah ne zai ƙirga, juri nasu daban ne.

Ga nasu, yadda na fahimta. Na farko, takardun bincike nawa ka rubuta aka buga a mujallun likitoci. Na biyu, wanda ya fi wuya, sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da takardarka a cikin tasu. Wani a wata ƙasa da bai taɓa ganinta ba zai rubuta cewa wance ta gano kaza, sai na'ura ta ƙara mata ɗaya. Kuma ba a son takarda guda ta kwashe yabon duka sauran suna zaune. Da ta faɗi haka sai na tuna ka. Ba kai ke cewa ba a sanin ɗan goro da huhu ɗaya ba, sai an kwance na biyu da na uku an ga sankara, ƙwaron goro, ba ta ci su ba? Kakanninka da suke sauke jakuna a Jugu daga Gwanja ma ai da haka suka yi suna, fatake na gaya wa fatake a sauka gidan wane. Na gane sarai. Abu ɗaya ne ya ba ni dariya: wai ko wanda ya rubuta cewa ta yi kuskure ya ƙara mata ɗaya. Na ce ashe a wannan sana'a maƙiyi ma yana da rana.

Daga nan na zama kamar mai gadin lambar nan. Tana cikin wayarta. Kullum kafin ta fita sai na ce ta nuna mini. Ta hau ko tana nan? In ta hau in yi guɗa, in ba ta motsa ba ko tuwo ba ya shiga. Ta ce lambarta ba ta da laifi, amma ba ta san irin ta sauran masu nema ba. Wannan “ba ta da laifi” ita ta ci ni. Wa ke kai kaya kasuwa ya ce ba su da laifi?

Sai na zauna na yi tunani irin namu. In kana son mutane su zo sunanka ko bikinka, zama kake yi a ɗaki kana jira? Goro kake rabawa. Na ce yarinyar nan kunya ta yi mata yawa, ta rubuta abu mai kyau ta ɓoye shi a na'ura, ta yaya likitocin duniya za su sani? Na ɗauki takardarta ta macizai daga kan tebur, na hau zem, acabarmu ta nan, zuwa Gar, wajen tasha, aka yi mini fotokopi jibgi guda. Na wuce kasuwar Arzeke na zaɓo farin goro da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, yadda ka koya mini. Na ƙunshe shi a ɗanyen ganye na yayyafa ruwa, kowane ƙunshi da takardarsa. Da ka ga ƙunshin nan da ka yi alfahari da ni.

Na kira Isufu ɗan ƙaninka, yanzu babban direban kamyo ne, motar kaya, har da tumbi. Na ce ya raba wa abokansa masu zuwa Yamai da Lome da Kwatano, kowa in ya isa ya nemi likitan da ya fi kowa girma a garin ya ba shi, ya ce daga uwar mai takarda, tana gaisuwa, a taimaka a sa 'yarta a rubutu. Isufu ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai ya ɗauki doya ya ɗauki siminti, bai taɓa ɗaukar ilimi da goro ba, wai in sa masa nasa ƙunshin ko shi ma ya rubuta littafi. Na ce ya fara koyon wanke rigarsa tukuna.

Ka san Isufu, in ya ce zai yi abu sai ya yi. Na Kwatano da kansa ya kai. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa wani tsohon farfesa, ya jira shi a bakin ofis ya danƙa masa hannu da hannu. Malam, cikin duk likitocin Kwatano, wannan tsohon yana cikin waɗanda aka ba dosiyenta su duba.

Ranar da 'yarmu ta ji, da farar rigar asibiti ta shigo gida, ko sallama ba ta gama ba. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta ɗaga mini murya ba, ka san halinta, zama ta yi a bakin gado ta riƙe kai. Ta ce a wurinsu kyauta ga mai duba dosiye toshiyar baki ce, roƙon a kafa hujja da kai kuma abin kunya ne, ana iya jefar da dosiyen gaba ɗaya. Na ce goro ne fa, goron gaisuwa! Tun yaushe goro ya zama cin hanci? Ta ce tun ranar da ya shiga ofishin juri. Nan na gane ɓarnar da na yi. Ni da nake son in riƙe ta, ni ce zan tura ta jirgi da hannuna?

Ta rubuta musu bayani cewa ba da saninta ba ne. Tsohon ya janye hannunsa daga dosiyen, aka ba wani ya duba daga farko. Abin ya ja lokaci. A kwanakin nan na daina tambayar lambar. Na ga mijinta ya sauko da akwatuna daga kan kabad, wai ƙura yake kakkaɓewa. Ƙaramin jikanka ya zo yana tambayata ko akwai fura a Turai. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na yi ta cewa da kana nan da ka hana ni, sai kuma na tuna kai da ka ƙara musu da jan goro.

To jiya da hantsi ina tsince shinkafa na ji zem ya tsaya a ƙofar gida, na ji gudu. Likita guda, uwar 'ya'ya, tana gudu takalmi ɗaya a hannu! Ta haye, Malam! Ta haye! Shinkafar nan kaji suka cinye ta ban ko kore su ba. Na yi guɗa har maƙwabta suka fito da tunanin haihuwa aka yi. Sun ce takardunta sun isa, masu kafa hujja da su sun isa, musamman ta macizan nan, wai likitoci a ƙasashen da ban san sunansu ba suna aiki da ita. Kuma ka san wani abu? Ba ɗaya daga goron nan da ya ƙara mata ko ɗigo. Na tambaya, na sake tambaya. Duk aikinta ne.

Tsohon ma ya bugo mata waya bayan an gama. Ashe ya san takardar tun da daɗewa, yana ma cikin waɗanda suka sa ta a rubutunsu. Ya ce a gaya wa Mama bai taɓa goron ba sai da sakamako ya fito, yana ta yayyafa masa ruwa a ofis kamar jariri, kuma wanda ya zaɓe shi ya san goro. Sai dai in yi masa rai kada in sake. Na yi alkawari. Na Yamai da na Lome kuwa har yau ban san bakin da suka shiga ba, ina zargin direbobi.

Akwatunan sun koma kan kabad. Ba za ta tafi ba. Ta ce nan gaba akwai wani matsayin sama da wannan, za a sake ƙirga, amma wannan na wata rana ne.

Saura abu ɗaya da ban taɓa faɗa maka ba. Kullum kana yi mini tsiya wai ban damu da yarinyar nan ba, ba na yabonta, ba na ɗaukarta a gaban mutane. Ta fari ce, Malam, me kake so in yi? Haka uwata ta yi da yayana, haka na tarar. Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa fitowa daga bakina ba. Ranar da ta fara tafiya ina bayan ƙofa ina leƙe. Ranar da ta ci jarrabawar shiga jami'a kai ka yi ta shela a unguwa, ni na shiga madafa na yi kukana na ce hayaƙi ne. Na fi ka ɗoki a ranar, yau na faɗa maka.

Jiya da ta miƙo mini wayar in ga sakamakon, Faransanci ne ban iya ba, amma sunan na karanta shi da kaina, harafi bayan harafi, nata da naka a jere. Baƙin da ba su san ko kalar fuskarta ba suna ta rubuta shi ana ƙirga musu. Nawa rubutun kuwa, da zan sa a ƙarshen takardar nan, babu na'urar da za ta ƙirga, juri ma ba zai gani ba, ita ma ba zan nuna mata ba. Kai kaɗai ne shaida.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu da alheri. Sai na zo.

Taka har kullum,
Uwar Balkisu