Zuwa Ga Baba, Daga Ajin Yara a Maraɗi

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa mai yawa, da fatan an sassauta maka kwanciya a inda kake. Ni ne Sabi'u, ɗanka da ka ce kada a sanar da shi.

An bi umarninka. Wani direban motar albasa daga Kabo ne ya yi mini ta'aziyya a tashar Maraɗi, yana zaton na sani. Lokacin har an yi sadakar bakwai. Da na kira Yaya Hadi sai ya ce, "Wasiyyarsa ce. Ya ce kada ka taɓa makararsa."

Ka tuna shekarar da gwamnati ta rage ma'aikata, aka sallame ni daga ofishin gona na Gwarzo? Na zo Mainika na durƙusa gabanka neman shawara. Ko kallona ba ka yi ba. Cewa ka yi, "Bokon naka ya ba ka tuwo mana."

Na sayi talabijin da bidiyo, na buɗe gidan kallo a bayan kasuwa. Da shi na riƙe matata Rabi da yaranmu shekara da shekaru, da shi nake saya maka maganin hawan jini, kana karɓa. Da shari'ar Musulunci ta zo, kai ka shige gaban samarin gari zuwa gidan kallon. Rufewa kaɗai ba ta ishe ka ba. Ka sa aka fito da kayana aka farfasa, aka zaunar da ni a ƙasa aka aske mini suma, 'ya'yana suna kallo. Ka dubi jama'a ka ce, "Wannan ba nawa ba ne." A makon nan mahaifin Rabi ya zo ya kwashe ta da yaran.

Yanzu ina wata makarantar kuɗi a nan Nijar, ina koya wa 'yan shekara biyar Turanci. Ranar farko na ɗaga hannu zan nuna allo, wata yarinya mai suna Nana ta kare kanta da hannuwa, ta runtse ido. Na san wannan karewar, a zaurenka na koye ta. Yau ita ke jan gemuna idan na manta baitin waƙar ƙirga. Suna hawa bayana, suna shafa mini alli a riga. Ba wanda ya lalace, Baba.

Duk da haka ina tuna wata damina da zazzaɓi ya kwantar da ni, ka ɗora ni a wuya ka ratsa rafi zuwa Kutama wurin mai magani, ruwa har ƙirjinka, kana cewa, "Riƙe kunnena da kyau." Ban san inda wannan mutumin ya shiga ba. Shi nake yi wa kuka.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yi maka rahamar da ta fi wadda ka yi mini. Na yafe maka nawa. Abin da idon jikokinka ya gani kuwa, ba ni da ikon yafe shi.

Ɗanka, ko ka ƙi,
Sabi'u