Littafin da nake buɗewa a kan kibod

Anti Sauda, barka da aiki, ya iyali, ya fama da jama'a. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina ban iya faɗa wa fasto ba, ban iya faɗa wa matata ba, kuma in na ci gaba da haɗiye shi zan aikata abin da zan zo ina da na sani.

Ni malamin firamare ne a Gwarzo. Asalina daga Filato nake, amma nan na yi aure, nan aka haifi 'ya'yana. Shekara goma sha takwas ke nan ni ke kaɗa kibod a 'yar majami'armu. Ba wanda ya koya mini, kunne Allah ya ba ni. In wata baiwar Allah ta ɗauko waƙa daga can baya, kafin ta kai ƙarshen layin farko na kamo ta, ko da ta ɗauko ta ne can sama inda maza ba sa kaiwa. Wannan ba yabon kai ba ne, kowa ya sani.

Abin da kowa bai sani ba shi ne ban iya karanta rubutun kiɗa ba. Layukan nan biyar da ɗige-ɗigen da ke rataye a jikinsu, ni da su sai kallo. Amma tun da wani tsohon fasto ya ba ni kyautar babban littafin waƙoƙi mai irin wannan rubutu, kowace Lahadi sai na buɗe shi a kan kibod. Har shafi nake juyawa in na ga an ɗan jima. Ban taɓa buɗe baki na ce na iya ba, ban kuma taɓa cewa ban iya ba. Da haka har mata suka raɗa mini suna Farfesa, ni kuma ina amsawa.

To, akwai Gilbert. Mai sayar da kayan gyaran babur ne a Kabo, mutumin kudancin Kaduna, magidanci mai 'ya'ya uku. Anti, ni na kama yatsun mutumin nan na ɗora su a kan kibod. Wata shida yana zuwa gidana, hannunsa duk baƙin mai, matata Lovelyn tana zuba masa tuwo. Hannun hagunsa kamar itace yake a lokacin. Ni na lanƙwasa shi.

Shekara uku da suka wuce wata tsohuwar malama da ta yi ritaya, Malama Anastasia, ta dawo Kabo da zama wurin ɗanta. Ta karanci kiɗa a kwaleji tun zamanin da. Ta fara koyar da rubutun kiɗa ranar Asabar a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansu, kyauta. Ta aiko mini da gayyata, na ce a gaya mata na gode, na wuce wannan matakin. Gilbert kuwa ya je. Na sha ganinsa a shago ya yage kwalin kaya ya ja layi biyar da biro yana ɗiga musu ƙwayoyi, ina yi masa dariya. Yau a ajiye masa takardar da bai taɓa gani ba, sai ya kaɗa ta kamar mai karanta wasiƙa. In na tuna wannan sai abinci ya fita raina.

Duk shekara mawaƙan majami'armu ta Gwarzo da na ta Kabo mukan haɗu a babban taro mu rera waƙa ɗaya tare, kuma kullum ni ke kaɗawa. Bana sai Malama ta rubuta sabuwar waƙa da kanta. Ba wanda ya taɓa jin ta, ba ta a waya, ba ta a rediyo, tana kan takarda kawai. Ta ba ni kwafi ɗaya ta ba Gilbert ɗaya, ta ce mu biyu mu shirya, a wurin gwaji za a ga wanda zai kaɗa ranar taro. Na karɓa ina gyaɗa kai.

Sai na yi dabara. Ranar Talata bayan an tashi daga makaranta na hau babur na tafi Kabo, na ce masa na zo in gwada shi ne, in ji ko ya kama waƙar daidai. Bai yi musu ba. Ya kaɗa mini ita sau uku a hankali: hannun dama shi kaɗai, hannun hagu shi kaɗai, sannan duka biyun. Na ce ba laifi, ya ƙara ƙoƙari. Na kamo hanyar gida ina rera ta a cikin baki don kada ta zube, ko gaisuwar mutane ban amsa ba. Kafin magariba na haddace ta tsaf.

Ranar Alhamis ya kira ni a waya har sau huɗu ban ɗauka ba. Dalili kuwa, da safiyar ranar Lovelyn tana shara ta ce wai kiɗan Gilbert a wani ɗaurin aure da ta je ya sa ta hawaye. Shekara sha takwas ina kaɗa wa matar nan, ban taɓa jin ta ce na sa ta hawaye ba.

Ranar Asabar aka yi gwaji a Kabo, mutum ya fi arba'in. Ni na fara. A layi na uku Malama ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta ce akwai kuskure. Na sake, ta sake tsayar da ni. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ja mini, na ce ai haka yake a takarda. Ta taso a hankali da sandarta, ta ce in nuna mata wurin. Anti, na ɗora yatsa inda Allah ya nufa. Ashe ma a shafi na biyu na ɗora, mu kuwa muna shafin farko. Ashe akwai wata 'yar alama a farkon layi da ke cewa a hau baƙin maɓalli a wurin, ba fari ba. Gilbert bai lura da ita ba ranar Talata, ni kuma na kwashe waƙar har da kuskurensa. Shi ya gano daga baya ya gyara.

Kin san abin da ya yi? Tashi ya yi ya ce kwafina ne bai fito sosai ba, injin da aka buga kwafin da shi ya yi rauni, kuma shi ma kansa ya yi wannan kuskuren da farko. Ya miƙo mini tasa takardar. Malama ta dube ni ta dube shi, ta koma ta zauna ba ta ce komai ba. Da aka tashi ya biyo ni wurin babur, ya ce in riƙa zuwa shagonsa ranar Talata, ba wanda zai sani, zai nuna mini daga farko.

Na san ya kamata in gode masa. Amma gaskiyar magana, kishinsa nake ji har cikin ƙashina. Da dariya ya yi mini da ta fi mini sauƙi. Ni malami, shekara ashirin da biyu da alli a hannuna, in je in zauna kan benci a gaban mai sayar da fulogi da sarƙar babur, wanda ni na koya masa? Saura mako uku taro, kuma Malama ba ta faɗi wanda zai kaɗa ba, amma kowa ya san amsar. Kibod mai kyau kuwa nawa ne na kaina, na Kabo ƙarami ne, maɓallai uku sun mutu. Zuciyata tana ta raya mini in ce nawa ya lalace, in ga yadda zai karanta takardarsa a kan gurgun kibod. Na riga na cire wayar wutar na ɓoye ta a cikin buhun masara. Ki gaya mini abin yi, ko da zagi ne.

Naku,
Mai kibod, Gwarzo

Malam Mai kibod, na gode da ka amince da ni, kuma ba zan zage ka ba, ka riga ka yi wa kanka wanda ya isa. Amma kafin ka karanta sauran amsata, je ka ciro wayar nan daga buhun masara. In ka ce kibod ya lalace, ba Gilbert za ka ƙuntata wa ba. Mutum arba'in ne da suka bar gona da kasuwa suna gwaji, da tsohuwar da ta zauna ta rubuta waƙa da idonta da ya fara rauni. Gilbert zai kaɗa a kan ƙaramin ko da maɓallai uku sun mutu, kai kuma za ka ƙara ƙarya ta biyu a kan ta farko.

Ni ba makaɗiya ba ce, don haka na tambayi wani da ya san harkar. Ya ce mutumin da zai ji sabuwar waƙa sau uku ya ɗauke ta da hannu biyu, har da kuskuren da ke ciki, ba a samun irinsa a ko'ina. Ya ce masu karatun takarda da yawa, in mace ta ɗauko waƙa daga baya babu shiri, tsayawa suke yi suna lalube. Saboda haka baiwarka ta gaske ce, kuma ba wanda ya ƙwace maka ita. Na kuma fahimci zafin da kake ji. Ba ƙaramin abu ba ne ka ga wanda ka koya wa ya kai inda ba ka kai ba, ga kuma maganar matarka a kai. Ita dai ba ta san tana taɓa maka ciwo ba, tunda ka ɓoye mata shi.

To amma Gilbert bai yi maka laifin komai ba. An aiko muku gayyata ɗaya, shi ya je, kai ka ce ka wuce matakin. Shekara uku yana ja wa kwali layi, wannan guminsa ne.

Yanzu ka sake karanta wasiƙarka da kyau. Wanda aka zo gwadawa yakan kaɗa da sauri ne don ya burge. Ba ya raba hannun dama da na hagu ya maimaita a hankali har sau uku. Ranar Talatar nan ba gwada shi ka yi ba, Malam, koya maka ya yi, ya kuma bar ka ka tafi da girmanka. Kiran nan huɗu na ranar Alhamis kuwa, ba na shakkar gyaran kuskuren ne yake nemanka ya gaya maka kafin Asabar. Mutumin da ya yi wata shida a gefenka yana kallon idonka da littafin nan ya daɗe da sanin sirrinka, kuma bai fasa kiranka malaminsa ba.

Ga abin yi. Ka gaya wa Lovelyn gaskiya yau, ta fi cancanta ta ji daga bakinka. Ranar Talata ka ɗaura kibod ɗin a bayan babur ka kai wa Gilbert da hannunka, ka ce ya yi shirin taro da shi. Ka tafi da sabon littafin rubutu da fensir, ka zauna kan bencin nan. Mako uku ba za su mai da kai gwani ba, amma mai kunne irin naka ba zai daɗe ba, in dai ya jure zama ɗan aji ɗaya. Ka kuma je ka gai da Malama Anastasia, shirun da ta yi ranar nan alheri ne. Bana ka bar masa kujerar, ka tsaya cikin mawaƙa ka saurari yatsun da ka lanƙwasa da hannunka.

Ranar Lahadi mai zuwa kuma ka bar babban littafin nan a gida. Ka kaɗa da kunnenka a fili, kowa ya gani. Ranar da za ka sake buɗe shi, ka buɗe shi don ka karanta.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya bar ku tare, ya sa a yi taro lafiya.

Anti Sauda